Kurciyar da Ta Koyi Kukan Zabi

A shekarun fari, lokacin da gero ke ƙonewa tun bai fid da kai ba, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. In an sha ɗan kunun da ya samu bayan magariba, sai kakarmu Iya Hansai ta tura kara cikin murhu ta ce mu matso. Takan ce, "Ga ta nan. Ba ta cika ciki, amma tana rage zaman shiru." Mu ce ta zo a hakan.

A wani hutu yayana Sabo ya dawo daga makarantar kwana da sabon aiki. Malaminsu na Turanci mutumin Kanada ne, ya kuma sa sunansa cikin waɗanda za a gana da su don tura su karatu can. Ya gaya masa rubutunsa ba laifi, amma in ya buɗe baki masu ganawar ba za su fahimce shi ba. Saboda haka kullum Sabo yana bayan rumbu da guntun madubi yana lanƙwasa harshe. Mu dai "wata" muka san ana ce wa ruwa da Turanci. Shi kuwa sai ya ce "wadar", ya naɗe ƙarshen kalmar kamar mai dankali da zafi a baki, wai kada harshe ya taɓa dasashi.

Samarin gari suka laƙaba masa Ɗankanada. Baba ma ya ce, "Ana neman abin kaiwa baki, kai kana wasa da bakin." Daga ranar Sabo ya ajiye madubin. Ya ce ya fasa zuwa ganawar.

Kwana uku da haka, muna gaban murhu, Iya ta hango Sabo. "Maigida, zo ka zauna. Ko ka fi ƙarfin matarka ne?"

Ta ce an yi yunwa a dawa. Masussuka ɗaya ce ta rage da tsaba, ta zabi ce, kuma ba mai shiga sai wanda ya iya kukansu. Sai wata kurciya ta hau tsamiya tana gwadawa. In ta buɗe baki, kukan kurciya ne ke fitowa, 'yan'uwanta su yi ta dariya. Ta yi ta yi har maƙogwaronta ya kumbura. Ranar da ta je bakin masussukar ta yi iya yinta, mai tsaron ƙofa ya ce, "Da saura, amma na gane nufinki. Shiga." Ta ci ta ƙoshi, ta riƙa kawo wa na gida.

Na ce, "Iya, da ta dawo ta iya kukan kurciya kuwa?"

"Wa ya tambaye ta, Hadiza? Bakin kowa a cike yake." Sai ta juya. "Maigida, me ma ka ce sunan ruwan?"

Ya faɗa a hankali. Iya ta gwada, ga shi ba ta da haƙori, abin ya fito wani iri. Muka kwashe da dariya, har da shi. Da safe ya koma ga madubinsa.

Sabo ya ci ganawar, ya tafi. Damina biyu da tafiyarsa Iya ta rasu. Da ya dawo ya gaya min ko a can, kalma ɗaya zai furta su san baƙo ne, amma suna fahimtarsa, kuma da hakan ya gama karatunsa ya riƙe gidanmu.

Na daɗe ina ɗauka darasin haƙuri ne kawai. Bayan na yi aure a Gezawa na riƙa tambayar tsofaffi tatsuniyar nan, ban sami ko mutum ɗaya da ya taɓa jin ta ba. Sannan na gane a wannan zaman Iya ta ƙaga ta, saboda mutum ɗaya. Ta san shekarunta, ta san in bakin jikanta ya gyaru tafiya zai yi mai nisa. Duk da haka ita ce ta tura shi.