Dangin Kawu Sule Su Bakwai

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, kwana bakwai da rasuwar Kawu Sule, muka zauna a falonsa na unguwar Longsight a Manchester: ni, da matarsa Inna Rabi, da 'yarsu Hadiza, likita, wadda ta zo daga Erdington. Rediyonsa na bakin taga. Babu wanda ya taɓa shi.

Kun san shi da rediyon nan. Shekara talatin ya yi yana kula da na'urar watsa shirye-shirye a Kano, kuma da ya koma Manchester bai taɓa yarda ya ji labarai ta wayar hannu ba. Sai gajeren zango, da shuuu ɗinsa. Ya ja siririyar wayar eriya daga taga zuwa katangar baya. Wata rana Inna Rabi ta yi shanya a kai.

"Rabi, kin shanya zani a kan Kano."

"To, ka ce wa Kanon ta busar min da shi."

Karatunsa ɗaya ne. Igiyoyin da ke ɗauko muryar rediyo, da masu ɗumama tuwo a microwave, da hasken da muke gani, har zuwa X-ray mai ɗaukar hoton ƙashi da autansu da ake kira gamma, su bakwai ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rediyo ne babban wa, dogo mai haƙuri. "Iya gajartar yaro, iya zafin ransa," in ji shi.

Baƙo ba ya cin abinci a gidan sai an nuna masa na ukunsu. Kawu zai saita rimot a gaban kyamarar waya, ya danna, wani ɗan haske da ido ba ya gani ya bayyana a fuskar wayar.

Inna Rabi ta ce, "Malam, miya ta huce."

"Ƙanin rediyo na kicin, zai ji da ita."

Sai tari ya kama shi. Likitan unguwa ya ce a ɗauki hoton ƙirji da X-ray. Wata uku Kawu yana ƙi. "Ƙananan nan ba su da kunya, har ƙashin mutum suke leƙawa." Hadiza ta yi bayani irin na likita, ta yi kuka irin na 'ya, bai motsa ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce, shi ya fara kai ni ɗakin karanta labarai na gidan rediyo, don haka aka turo ni.

Na ce, "Kawu, shekara talatin kana cin arzikin wansu. Yau ƙanin ya ce ka leƙo, ka ƙi. Wannan ba yanke zumunci ba ne?"

Ya rage muryar rediyon.

"Ba shi nake tsoro ba, 'yar nan. Abin da zai gani."

"Tare za mu je mu gani."

Washegari muka hau bas a Stockport Road. An ga ƙari a huhunsa, aka yi ta gasa shi da hasken ƙananan nan masu zafin rai. Kawu ya ce ashe yaran suna da tarbiyya. Ya ƙara shekara biyu, har ya yi wa 'yar Hadiza huɗuba da bakinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa da hasken da ya fi duk wanda ya koya mana.

Da ƙarfe shida Inna Rabi ta tashi ta kunna rediyon. Wayar eriyar na nan a katanga, kuma ba a sake shanya a kanta ba.