Zanen Arawa a Takardar Ƙosai

Lantana mai ƙosai ba ta iya karatu ba, amma ban san macen da takarda ta ratsa hannunta kamarta ba a duk Dogon Dutsi. Shekaru muka yi muna zaune kusa da juna a bakin tasha, ita da kaskonta, ni da faifan gyaɗata, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

'Yar Matankari ce, aure ya kawo ta gari. Ta sha haihuwa ta sha binnewa, namiji ɗaya ya tsaya mata, Gado. Yana tasowa uban ya rasu, bai daɗe ba kuma Nasaran Faransi suka ɗauke shi soja, aka ce an kai su yaƙin Indoshin, wata ƙasa can gabashin duniya. Waɗanda aka tafi da su tare, wasu sun dawo da ƙafafunsu, wasu labarin mutuwarsu ya dawo. Gado kuwa shiru, ba shi ba labarinsa. Har Nasara suka naɗe tutarsu aka ɗaga tamu, Lantana tana nan tana jira. Mota ba ta tsayawa a tasha ba ta ɗaga kai ta bi masu sauka da ido ba, kuma Allah kaɗai ya san yawan ƙosan da ya ƙone a kan haka.

Ƙanen mijinta, Abdussalam, shi ne babba a gidan. Mutum ne mai haƙuri, amma a daminar nan ya ce ya isa. Ya ce ba daidai ba ne a bar yaro ba addu'a ba sadaka, da zarar an gama yankan gero za a tara dangi a yi wa Gado sadakar mamaci. Lantana ta ce sai dai a yi tata. Tun daga ranar ta rame, tana kallon gonaki kamar zangarniyar abokiyar gabarta ce.

Takardun da take ƙunshe ƙosai da su daga wurin Sarsan Maikano take samunsu. Tsohon soja ne mai muƙamin saja, ana aiko masa da wata mujallar tsofaffin sojoji daga Faransi, mai ba da labarin yaƙe-yaƙen da suka wuce. Sarsan ba karanta ta yake yi ba, faɗa yake da ita. Yana riƙe da jan fensir, yana tsaki, yana cewa wannan gada ba a wannan shekarar aka kama ta ba, wancan kaftin kuwa bai ko je wurin ba. Ya sha aika musu gyara, ba su taɓa buga ko ɗaya ba. In ya gama huce haushinsa sai ya ba Lantana, ita kuma ta zuba masa mai zafi.

Wata safiya ta yago shafi za ta sallami wani direba, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye ƙosan a kan faifaina, ta goge takardar da gefen zane.

"Habsatu," ta ce da ni, "wanga Gado na. Dibi kumcinai."

Hoton wani soja ne, hular ƙarfe ta sauko masa har gira. A kumatunsa ga zanen nan namu na Arawa, tsaga biyu daga gefen baki har kunne. Ni dai na ga Ba'are, ban ga Gado ba, amma wa ya isa ya faɗa mata?

Ta bar mini kaskon a wuta ta nufi gidan Sarsan, na sauke na bi ta. Ashe bai lura da shafin ba. Da ya karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton sai ya miƙe tsaye. Sun rubuta wai wani jarumin sojan Afirka ne da takobin abokan gaba ya tsage masa fuska. Sarsan ya shafa nasa kumatun, ya ce ashe shi da ubansa da kakansa duk raunin yaƙi suke yawo da shi, wanzamin garinsu ne abokin gabar. Ya rantse wannan karon sai sun buga. Lantana ta roƙe shi ya tambaye su sunan yaron, da inda aka ɗauki hoton, da ko yana raye. Ya ce zai sa a wasiƙar gyaran da zai aika musu. Ya sa ɗin, amma a can ƙarshe, bayan ya gama koya musu tarihin Arewa, ƙasarmu ta Arawa.

Daga nan jira ya koma sabo. Ta adana shafin a cikin kwalla, ta je ta nuna wa Abdussalam, ya duba, ya ce to a ga abin da za su ce. Duk ranar da motar wasiƙu ta shigo, Lantana ba ta iya cin komai. Ta yi ta tambayata ko Faransawa suna amsa wa talaka. Wani lokaci ta ce da ni gara kada su amsa, don in sun ce ya mutu ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ni kaina tsoro nake ji, na rasa wace amsar zan roƙa mata. Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna.

Amsar ta zo ana cika rumbuna. Sarsan ya iso tasha da lambobinsa a ƙirji, yana ɗaga mujallar sama. Sun buga gyaransa da sunansa, sun nemi afuwa, sun ce zanen gado ne na mutanen Arewa a Nijar. Har wani tsohon likitan soja ya rubuto ya goyi bayansa. Ya karanta da Faransanci, ya fassara, ya sake karantawa, 'yan tasha suna tafa masa.

"Sunanai hwa?" in ji Lantana. "Mi sunka ce bisa sunanai?"

Sarsan ya dawo cikin hankalinsa. Ya bi da yatsa zuwa ƙasa, ya ce sun ce hoton ba suna a bayansa, ba shekara, ba gari.

Wannan bai karya ta ba. Cewa ta yi tunda ba su ce ya mutu ba, yana raye, kuma Abdussalam ya sake ɗage sadakar. Sai dai labarin hoton ya riga ya zaga ƙauyuka. Ranar kasuwa wata tsohuwa ta zo da ƙafa tun daga Dumega, sunanta Kubra, tana neman mai ƙosan da ke riƙe da hoton soja. Ita ma an ɗauki ɗanta Tukur, bai dawo ba. Lantana ta ɓata rai, amma ta ciro shafin. Kubra na gani ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, tana cewa Tukur ne, wallahi Tukur ne.

Na zaci za a yi faɗa, don na san bakin ƙawata. Sai kawai ta tambaye ta da me ta gane shi. Kubra ta ce da zanensa mana.

Lantana ta karɓi takardar. Ta ɗora babban yatsa a kan kunci ɗaya, ta ɗora ɗayan a kan ɗaya kuncin, ta ƙura wa abin da ya rage ido. Hanci, baki, da idanun da inuwar hula ta cinye. Ta daɗe a haka.

"In na ruhe zanen ban san shi ba," ta ce. "Habsatu, ko idon Gado na mance yadda shike."

Ta ninke shafin ta sa a hannun Kubra, ta ƙunsa mata ƙosai na hanya. Da tsohuwar ta tafi, sai ta juyo gare ni.

"Tahi ki ce ma Abdussalam a jiƙa geron sadaka."