Allon Gadon da Altine Ta Yi wa Maikano

Da sunan Allah na fara. Labarin Altine ta Dumega nake so a rubuta, ƙawata, wadda darni ɗaya ya raba gidana da nata. Ɗiyar mai saƙar rumbu ce, tun tana ƙarama hannunta ya san sabara da kaba. Ban taɓa jin ta ce wani aiki ya fi ƙarfinta ba. Mijinta Maikano manomi ne, mai riƙon salla, kuma in anka yi rasuwa a unguwa shi ake kira ya ɗaura makara.

Damina ta biyu bayan Nasara sun sauke tutarsu, fuka ta kama shi. Da ya kwanta sai ƙirji ya toshe, ya tashi zaune yana neman iska. Ya jingina da bangon ɗaki, bango kuwa ya sha ruwa, sanyi ya shige mai baya, tari ya ƙaru. Kwana goma sha biyu bawan Allah bai yi barcin kirki ba. Ya rame, idanu sunka faɗa.

Altine ta ɗora shi bisa jaki sunka tafi asibitin Dogon Dutsi. Wata ma'aikaciya, Madam Colette, Kirista ce mai sanyin hali, ta ba shi ƙwayoyi. Sannan ta ja Altine gefe, ta nuna mata wani gadon ƙarfe mai allo wajen kai.

Ta ce, "Inna, kada ya kwanta shimfiɗe. Ya jingina da abu kamar wannan, nesa da bango mai laima, zai samu barci."

Altine ta shafa allon, ta leƙa bayansa, ta ce, "Shi ke nan aikin? Madam, ai ƙyauren akurkina ya fi shi wuya."

Maikano yana can zaune, yana ganin suna magana ƙasa-ƙasa, bai ji mi sunka ce ba.

Da sunka dawo gida ta zaro kara ɗaya, ta zo bayan mijinta ta auna shi daga ƙugu zuwa tsakar kai, ta karya. Ta auna kafaɗa zuwa kafaɗa, ta karya. Ya bi ta da ido. Ta samo sanduna biyu, ta jera karan dawa a gicciye, ta ɗaure da igiyar kaba. Ta bar kawunan sandunan sun fito gaba da baya, wai don a ji daɗin ɗauka. Bayan la'asar ta kira ni ta kan darni, na kama baya ta kama gaba, munka shiga ɗaki.

Maikano na ganinmu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ku fitar min da shi!"

Altine ta ce, "Baban Hasiya, allon gado ne fa."

"Allon gado? Shekara nawa ina ɗaura wannan abu da hannuna? An auna ni da kara kamar za a gina kushewa, yanzu mutum biyu sun shigo da makara. Ina likkafanin, ko bai zo daga wajen tela ba? Faɗa min gaskiya, mi Madam ta ce miki a gefe?"

Wallahi dariya ta taso min, sai na dubi abin da ke hannunmu, dariyar ta koma. Mu mata ba mu rakiyar gawa, makara a lulluɓe muke ganinta tana fita. Awon kara kuwa mun san shi, hankalinmu ne bai kai ba. Ran nan Maikano ko fura bai sha ba, ya shiga yafe wa mutane.

Altine ba ta tsaya rantse-rantse ba. Da safe ta jawo abin ƙofar ɗaki, ta kwance shi sili-sili a gabansa, ta tura karan cikin murhu ta dama koko da shi. Ta shiga daji ta saro sabara ɗanya. Wannan karon gadon ta auna da kamun hannunta, ba ta taɓa mutum ba. Ta haƙa rami biyu wajen kan gado, tafin hannu guda daga bango, ta zuba toka saboda gara, ta kafa turaku masu ɗan kwanciya baya. Ta zauna nan gabansa tana saƙa sabara tsakaninsu, tana lanƙwasa ta kamar cikin rumbu.

Maikano yana kallon hannunta, can ya kasa haƙuri. "Wannan ƙulli naki ba zai kai kaka ba."

"To Malam gwani, nuna min."

"Ba ni nan. Ɗiyar mai rumbu ba ta iya ƙulli ba!"

Shi ya ƙulla kusurwa huɗun da kansa, yana tari yana faɗa. Ita ta shimfiɗa tsofaffin zannuwanta a jiki, ta rufe da sabuwar tabarmar kaba mai ja da baƙi, ta ɗinke gefe. Daga baya har mutanen Tibiri sunka riƙa aiko mata ta yi wa tsofaffinsu, amma wannan na Maikano ya fi kyau.

Ranar Juma'a bayan azahar ya ce bari ya gwada ƙullin nan nasa ko ya kama. Ya jingina. Ina daka a gidana sai na ga kan Altine bisa darni.

"Sa'a, aje taɓaryar nan."

"Lafiya?"

"Zo ki ji."

Na zagayo. Minshari ne, mai ƙarfi, har kaji sun tsaya. Munka zauna bakin ƙofa muna hamdala. Ladan ya kira la'asar, bai motsa ba. Altine ta ce a ƙyale shi. Na ce a'a, barci na da ranarsa, salla na da lokacinta, mu dai ba shi har inuwar rumbu ta kai turmi. Da ta kai, Altine ta shiga da buta ta taɓa ƙafarsa.

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wace marar imani ce wannan?"

Ta ce, "Mai allon gado ce. Tashi ka yi salla, ka dawo, ba inda za shi."