Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Duk sanda na ji injin ban-ruwa yana tatata a fadama da rani, ƙauyenmu na gefen Goronyo nake tunawa, shekarun da dam ya fara ba mu ruwa, albasa ta yi kore tun daga bayan gari har bakin gulbi. Ina ajin firamare lokacin. Mahaifina ya tafi ci-rani, baffana ne ke riƙe da gidan, mutum mai zafi kamar barkono.

Malaminmu ɗan Rabah ne, kuma ba ya ba mu amsa a bagas. Sai ya rubuta tambaya a allo, ya gaya mana wa za mu je mu tambaya, mu dawo mu faɗa wa aji. Ran nan ya ce kowa ya binciko wanda ya fara noma gonarsu kafin zuwan dam, da sunansa, da abin da yake shukawa.

Kakana ne ya sare gonarmu, ya rasu kafin a haife ni. Tsoho kawai nake ji ana ce masa, ko ƙanena da ya ci sunansa da laƙabi ake kiransa. Na iske kakata, wadda muke kira Inna, tana gyaran wake a tsakar gida, na tambaye ta sunan mijinta kai tsaye. Kai mai karatu ka san macen wancan zamani ba ta kama sunan miji, yana raye ko yana ƙasa. Hannunta ya tsaya cak a cikin faifai.

Baffa na zaune a gindin rumbu, ya ji komai. Ya miƙe yana huci.

"Mi kinka ce? Wanga shi na karatun? Daga yau kin bar makarantar ga, ki tai ki riƙa tsinkar albasa."

Ina son makarantar nan fiye da tuwon dare, kuma na san in Baffa ya yanke magana, ba mai ɗinkewa. Inna kuwa sai ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta, ta kama hannuna, muka fita ta gabansa.

Gidan aminiyarta mai daddawa ta kai ni, wadda suka yi ƙuruciya tare. Warin kalwa ya tare mu tun daga zaure.

"Ni ba ni hwaɗin sunanai," in ji Inna, "amma ga wadda ta san shi. Tambaye ta."

Inna ta koma bayan zana ta toshe kunnuwa. Mai daddawar ta yi dariya har da tari, ta raɗa mini sunan, ta ƙara da cewa dawa da shinkafa yake shukawa, ruwan gulbi in ya cika ya cinye rabi. Sai Inna ta fito ta ƙaryata ta, wai ba rabi ba ne, suka hau gardama ina saurare.

Da muka dawo ta tsaya a kan Baffa.

"Ɗiyar ga gobe tana aji. In ka hana ta, ni za ni in zamna wurinta, gari shi gani."

Baffa ya sunkuyar da kai. Uwarsa ce, ya zai yi?

Yau ni ce malama a Wurno. Ina raba ɗalibai rukuni-rukuni, in ba su tambaya, in nuna musu shafukan intanet da za su buɗe a waya, su karanta, su yi musu, sannan in tura su gida su gwada abin da suka samo da bakin tsofaffi. Masu cewa waya ɓata yara take yi ba su daina ba, ni ma ban daina ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Yaron da aka nuna wa inda zai nema ba ya gyangyaɗi a aji.

Kwanaki wani uba ya zo da fushi zai cire 'yarsa, wai na koya mata latse-latse da yawan tambaya. Na bar shi ya gama faɗansa tas, na ce ba da shi zan yi magana ba, ya turo mini kakarta. Washegari tsohuwar ta shigo aji riƙe da hannun yarinyar, ta zauna a benci, ta ce a nuna mata abin da ake nema a cikin wayar.