Safar Fitilar Inna

Ranar da aka sallami Baba daga ramin uraniyom na Arlit, a shekarar farin da ya kashe dabbobin makiyayan Dannet, bai shigo gida da buhun gero ba kamar yadda masu hankali suka yi. Da fitilar gas ya shigo, mai famfo, yana rungume da ita. Inna ta dube shi ta dubi fitilar, ta ce, "Malam, ita za mu dafa?" Ya ce ta ɗora shinkafa da wake, daga yau tasha za ta riƙa kaiwa bayan magariba, kuma direba ba ya wuce wuri mai haske. Ni ina 'yar shekara bakwai, ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Duk ƙarfin fitilar nan yana ga wata 'yar jakar zare da muke kira safa. Baba zai ɗaura ta, ya kyasta mata ashana, ta ƙone ta koma toka, amma tokar ta tsaya a siffarta. In ya yi famfo sai ta yi fari fat, har kana iya tsince tsakuwa a shinkafa. Sai dai ko da yatsa ka shafe ta, ta zube. Sai da na girma na shiga makarantar malamai na san sirrin: zaren a jiƙe yake da toriyom, wani ƙarfe mai nauyi ɗan'uwan uraniyom, wanda tokarsa ke jure zafin da zai narka tukunya, ta yi haske maimakon ta narke. Shi ma, kamar uraniyom, yana fitar da wani tururi mai cutarwa da ido ba ya gani, kaɗan dai, shi ya sa masu yin safa suka fara barinsa. Na yi dariya ranar, don Baba ya bar yayan a rami ya kwaso ƙanen ya kawo mana gida.

Ɗaukar fitila daga unguwarmu ta Bukoki zuwa tasha aikina ne, bayan na dawo lakwal, wato makarantar boko, na ɗebo ruwa a famfo na wanke kwanoni. Tafiya nake sannu kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, ƙawayena na langa suna mini tsiya. A ƙarƙashin hasken nan nake karatu, direbobin Damagaram da Buzayen lambu suna ci suna gardama, Inna na zuba mai da yaji tana faɗa da kowa.

Da tawaye ya tashi, motoci suka daina zuwa daga Agadas sai a ayari da rakiyar soja, safa ta ɓace a kasuwa. Tamu ta ƙarshe har ta yi huda a gefe. Baba, wanda zaman banza ya riga ya cinye, ya ce ranar da ta zube za mu tattara mu koma ƙauyensu a ƙasar Madawa. Hankalina ya tashi ƙwarai. A Arlit aka haife ni, nan lakwal ɗina yake, ƙauyen kuwa ko a mafarki ban san shi ba. Na hana ƙannena gudu kusa da fitilar, har atishawa sai mutum ya fita waje.

Wata la'asar aka tayar da nakiya a ramin haƙa, ƙasa ta girgiza kamar yadda ta saba, fitilar ta kaɗu a jikin ƙusa. Na leƙa na ga farin gari a gindin gilas. Kuka na fashe da shi. Baba ya ce to, magana ta ƙare. Inna ba ta ko daina tsince wake ba, ta ce, "Kai ka yi alkawari da safa, ni ban yi ba. Hadiza, ɗauki kwanoni." Muka je tasha muka zauna a duhu. Wani tsohon direba, Buzu, ya zo yana lalube, ya ce, "Uwar gida, ina wutarka?" Da ya ji labari sai ya juyo da kan kamiyonsa, babbar motarsa ta kaya, ya kunna mana ido ɗaya. Haka direbobi suka yi ta karɓa-karɓa har hanya ta buɗe, Baba kuma bai sake ambaton Madawa ba.

A Arlit muka binne shi, a nan muka binne Inna, a nan nake koyarwa. Yanzu kowace mai tuwo a tasha tana da fitila mai cin rana, ba famfo, ba toka, ba fargaba. Ina wucewa ta wurin da Inna ke aje tukunyarta, in tsaya kaɗan. Haske ya wadata, waɗanda nake son gani a cikinsa ne babu.