Turakun da Na Bari a Saman Gida

Ni na bar turakun tanti a gida, kuma da gangan na bar su. Na daɗe ina gaya wa 'yan ajinmu cewa a hanya suka faɗi. Sau ɗaya ma na ce wani raƙumi ne ya zura kai cikin mota ya haɗiye jakar gaba ɗaya, kuma mutum biyu sun yarda. Gaskiyar ba ta kai haka daɗi ba.

Tantin na wani abokin aikin Baba ne, irin na da, mai kaurin yadi, da sanda ɗaya a tsakiya da igiyoyi takwas. Ranar da aka kawo shi Baba ya ce tunda ni ne na fi kowa surutu a kan zuwa bakin teku, to tanti a wuyana yake, in koyi kafa shi. Na kai shi saman gidanmu a unguwar Ka'akiyya da ke Makka na gwada. A saman gida kuwa ko'ina abin ɗaurewa ne. Na ɗaura igiya biyu a bututun tankin ruwa, ɗaya a ƙarfen dish ɗin maƙwabta, sauran a ƙarafan shanya. Tanti ya miƙe tsaf, ko turke ɗaya ban taɓa ba. Sai na ɗaga jakar turakun, na ji ta kai nauyin ɗan maraƙi, na ce a raina masu tantin nan suna son wahalar da mutane ne kawai. Na tura ta bayan tanki. Gurbin da za ta ci a mota na ba ƙwallona da lasifika.

Tafiyar ba don ni aka shirya ta ba, don Kaka ce, mahaifiyar Baba, wadda shi yake kira Inna. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas iyayenta suka zo da ita aikin Hajji ta ƙasa, suka ƙetaro Bahar Maliya a jirgin ruwa daga ɓangaren Sudan, kuma ba su koma ba. A cikin jirgin amai take ta yi, uwarta ta lulluɓe mata kai da zane har suka sauka da asuba. Don haka ta ƙetare teku sukutum ba ta gan shi ba. Bayan nan shekaru suka yi ta wucewa. Da farko babu takardar zama, ana gudun shingen 'yan sanda a hanya. Da takarda ta samu kuma gwiwa ta ƙi. Shekara biyu ta yi tana cewa ita dai a kai ta ta kwana a bakin ruwan nan, ta ga yadda yake da safe. Baba ya yi ta ja saboda ƙirjinta, don sanyi kaɗan ne ke tayar mata da tari. A ƙarshe ya yarda da sharaɗi ɗaya: a cikin tanti za ta kwana, a rufe, ba a fili cikin raɓa ba.

Mun tashi ranar Alhamis bayan azahar, lokacin hunturu, mu biyar: Baba, Umma, Yayata, Kaka da ni. Wajen loda kaya na yi ta mita a kan ƙunshin Kaka. Duk inda za ta, ko asibiti ne, sai ta tafi da ƙunshin zannuwanta na atamfa. Na ce mata kwana ɗaya fa za mu yi, ba gidan miji za a kai ta ba. Ta ce gidan wane mijin, bayan ga ni nan ta aura ta yi asara, ko gemu ban iya fitarwa ba. Haka muke da ita. Ita tana ce min maigida, ni ina ce mata amarya, kuma ban taɓa cin ta a baki ba.

Muka bi hanyar Shu'aiba, wadda ke kaiwa bakin teku. Wajen la'asar Baba ya sauka daga kwalta ya bi sawun tayoyi cikin rairayi har muka ga ruwa. Wurin ba ƙofa, ba mai gadi, ba wanda zai karɓi ko halala, wato ko sisi. Kowa ya ga inda ya yi masa sai ya tsaya. Can nesa akwai tantuna uku ko huɗu, kusa da mu kaɗan kuma wata doguwar farar mota irin wadda ake kwana a cikinta, da 'yar rumfa a gefe.

Kaka ta zuba wa tekun ido. Aka sauko mata da kujerar roba, ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ni kuwa na sauke tanti na baje shi, na sa sanda, na ɗauki igiya ta farko na waiga in ga inda zan ɗaura.

Babu bututu. Babu ƙarfen shanya. Daga nan har inda ido ya tsaya rairayi ne, ko ɗan icen da akuya za ta yi susa da shi babu.

Baba ya tambayi jakar turaku. Na shiga bayan mota na yi ta ɗaga kaya ina sakewa, na leƙa ƙarƙashin kujeru, har cikin kular ƙanƙara na duba. Na ce wataƙila ta faɗi a hanya. Yayata, wadda Allah bai halitta da tausayi ba, tana yanka albasa ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce ai da safe da ta hau shanya ta ga wata jaka a bayan tanki, ta ɗauka na ajiye ta ne da wani dalili na masu ilimi.

Idan Baba ya yi fushi Larabci yake yi, idan fushin ya wuce nan sai ya koma Hausa a hankali. Da Hausa ya yi min magana.

"Kana da lokaci daga yanzu zuwa magariba. In tantin nan bai tsaya ba, za mu loda kaya mu koma. Inna ba za ta kwana a iska ba."

Na ce ko a koma gidan mai a nema. Ya ce gawayi da ruwa kawai suke sayarwa, ya duba da muka tsaya, kuma ba zai bar mata su kaɗai a nan ya tafi yawon neman ƙarfe ba.

Igiya biyu na ɗaura a jikin mota, saura shida. Na soka sukundireba a rairayi, ta shige kamar an tsoma yatsa a kunu, ta fito haka. Na gwada tsinkayen gasa nama, na gwada ludayin Umma. Na ɗaura ɗaya a jarkar ruwa, iskar teku ta zo ta ja ta a ƙasa kamar an ja ɗan akuya zuwa kasuwa. Na kalli jarkokin Zamzam guda biyu da muka taho da su, waɗanda suka fi nauyi, Baba ya kalle ni, na daina kallon su. Sau uku tantin yana tashi yana faɗo min a ka. A na ukun na ɗan jima a ciki, saboda can ya fi waje kwanciyar hankali.

Umma ta ce in je wajen mai farar motar in roƙa. Na tafi ina karkaɗe rairayi daga kunne. Wani dattijo ne Balarabe, yana zaune yana gyara ƙugiyar kamun kifi. Na ce masa da Larabci, ya ammi, wato baffa, ko akwai aron turaku. Ya yi dariya har da tari, ya buɗe min ƙofar motar in gani: gado, firiji, na'urar sanyaya ɗaki, har da wurin wanka. Ya ce ya rabu da turaku shekaru da yawa, shi ya sa ma ya sayi wannan. Ya cika min hannu da dabino, ya ce in gaida babana. Na dawo da dabino. Yayata ta ce madalla, sai mu kafa tantin da ƙwallayen.

Rana ta yi ja, ta fara sauka kan ruwa. Baba ya fara naɗe tabarmar da Umma ta shimfiɗa. Bai yi faɗa ba, naɗewa kawai yake yi. Na kalli Kaka. Ta ja mayafi ta rufe ƙirji, har yanzu idonta na kan ruwa, kuma ta ji duk abin da ake yi. A nan ne wasan ya fita daga raina. Na san in muka koma yau, Baba ba zai sake ɗauko ta ba, ita ma ba za ta sake roƙo ba. Na je na durƙusa kusa da kujerarta na gaya mata cewa ni na bar su, don in sa ƙwallo.

"Na sani, maigida," in ji ta. "Tun da na ga kana neman jakar ƙarfe a cikin ƙanƙara. Ɗauko min ƙunshina."

Na kawo. Ta kwance, ta zaro zane ɗaya ta miƙo min, ta ce in shimfiɗa a ƙasa. Ta sa na ɗebo jiƙaƙƙen rairayi daga bakin ruwa da murfin tukunya na zuba a tsakiya har ya yi tudu, na haɗa bakin zanen huɗu na ƙulle kamar ƙullin kayan wanki, na ɗaura igiyar tanti a wuyan ƙullin. Sannan ta nuna min wuri da sandarta ta ce in haƙa rami, ba a gindin tanti ba, can baya inda igiya za ta miƙe. Na haƙa na ce ya isa. Ta ce in sa hannu, in ramin bai kai gwiwar hannuna ba to ban fara ba. Na ƙara haƙawa, na jefa ƙullin, na binne, ta ce in hau in tattake. Da na ja igiyar da dukkan ƙarfina, ni na tafi, ita ba ta motsa ba.

Baba ya tsaya da tabarma a hammata. Ya ce, Inna, ina kika san wannan? Ta ce a can ƙetare sun yi watanni a bakin ruwa suna jiran jirgi, ba wanda ke da turke, haka babanta yake tsayar da rumfarsu da tsummoki da buhunan da suka ƙare. Ita ce mai tattakewa, saboda ita ce ba ta da wani aiki. Ta ce ita kanta ba ta san tana tune da shi ba sai da ta ga ina fama da ludayi.

Baba ya ajiye tabarmar ya karɓi murfin tukunya. Umma da Yayata suna cika zannuwa, ni da shi muna haƙa. Umma ta so a bar wani shuɗi mai zanen ganye, ta ce wannan ai na adon Salla ne, rairayi da gishiri za su ɓata shi. Kaka ta ce a sa shi, shi ya fi sauran ƙwari. Zane shida muka binne. Muna tattake na ƙarshe wani daga tantunan can ya ɗaga murya ya kira sallar magariba. Baba ya zaga ya ja kowace igiya ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza sandar tsakiya. Ya ce wa Umma a shigar da katifar Inna.

A makaranta na ce da dare guguwa ta taso, ta kife motoci, ni kaɗai na riƙe sandar tanti da haƙora har gari ya waye. Abin da ya faru shi ne mun ci nama da burodi, mata suka shiga tanti, ni da Baba muka kwanta a bayan mota, na yi barci kamar an buge ni. Ƙwallon ma ban taɓa shi ba, lasifikar kuwa na manta ban yi mata caji ba.

Da asuba bayan salla Kaka ta ce in kama ta. Na riga na yi mata alkawarin za ta ga rana tana fitowa daga cikin ruwa kamar yadda ake gani a hotunan waya. Ranar ta fito ta bayanmu, ta saman motar dattijon nan. Kaka ta ce ko gabas da yamma ban sani ba, a haka nake son riƙe mace. Muka taka a hankali har bakin ruwa. Ruwan ya kwanta lumui, ana ganin ƙasansa, da wasu ƙananan kifaye da ba su kai yatsa ba. Ta cire takalmi ta ba ni, ta shiga har idon sawu. Ta tsaya haka kamar minti goma tana riƙe da kafaɗata. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗebo ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar.

"To, na gan shi," ta ce. "Mu je, kada babanka ya rasa Juma'a."

Haƙo zannuwan ya fi binne su wuya, kuma ni kaɗai aka bar wa. Kaka ba ta yi tari ba ko sau ɗaya, a daren ko bayansa. Mun iso Makka kafin kiran farko na sallar Juma'a. Washegari na wanke zannuwa shida da hannu a saman gida, na shanya su kusa da tanki, inda jakar turakun take zaune yadda na bar ta. Biyar sun wanku. Shuɗin ya kode ta gefe ɗaya inda igiya ta ci shi, kuma har yau shi Kaka take ɗaurawa a cikin gida.