Waƙoƙin Kawu da Shuɗin Allo

Kawuna fasto ne da ya yi ritaya. Shekara da shekaru yana tattara waƙoƙin yabo na yarenmu daga bakin tsofaffi, kuma burinsa a buga su kafin babban taron ikilisiya. Ni ce mai koyar da kwamfuta a sakandare a nan Kafanchan, don haka aikin bugawa ya faɗo a kaina. Duk Asabar yana shigo bas daga Zonkwa, ya zauna gefena yana rerawa ina bugawa.

Yarenmu yana da haruffa masu alamomi a kansu, kuma manhajar da ta iya su tsohuwa ce, ba ta aiki a laftof ɗina. Sai na kunna wata dabara da ke sa a gina ƙaramar kwamfuta a cikin babbar, na zaunar da tsohuwar manhajar a ciki. Aiki ya tafi sumul har muka wuce rabi.

Wata Asabar muna tsakiyar waƙar girbi, allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, na'urar ta mutu ta tashi da kanta. Baitocin da muka buga tun safe suka tafi. Muka sake, ta sake.

"'Yata, me ya same ta?"

"Ban sani ba tukuna, Kawu."

Na fi tsanar wannan amsa a duniya. Na kai ta wajen masu gyara a kasuwa, ɗaya ya ce zafi ne, ɗaya ya ce a goge komai a fara daga farko. Na ɗauko kayana na dawo gida raina a ɓace. Sati ya zagayo ina cire manhajoji ina mayarwa, ga darasi a makaranta, ga wuta da ake kawowa lokacin da aka ga dama. Daga baya na lura ba ta mutuwa sai an haɗa ta da intanet alhali ƙaramar kwamfutar tana kunne. Na duba tarihin na'urar, ashe ta sabunta direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da intanet, ba tare da ta tambaye ni ba.

Na yi wa Kawu bayani. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Direba kuma? Wa ya ɗauke shi aiki?"

"Ba mutum ba ne, Kawu. Shi da kansa ya shigo."

"To a kore shi mana."

Na kore shi, na dawo da tsohon. Muka yi aiki lafiya, har Kawu ya yi addu'ar godiya. Asabar ta gaba na haɗa ta da wayata don in tura wa mai ɗab'i samfuri, na'urar ta sake jawo sabon a ɓoye. Shuɗi ya dawo. Idan na kashe dabarar, intanet ya yi daidai amma manhajar waƙoƙi ba ta buɗuwa; idan na kunna, sai mutuwa. Ranar nan na rufe laftof da ƙarfi har Kawu ya zabura. Ya tattara takardunsa ya tafi tasha. Tafiyar nan ta fi faɗa zafi.

A ƙarshe na hana ta intanet gaba ɗaya. Abin da muka buga in kwashe a filash, in hau okada in kai wa mai ɗab'i da hannuna. Amma lokaci ya riga ya ƙure. Taro ya zo littafi bai fito ba. Mawaƙan coci suka rera waƙoƙi uku daga hoton rubutun hannun Kawu, suna tuntuɓe a inda tawada ta dushe. Ina zaune a bencin baya, mata suna juyowa suna tambayata, "Malama, ina littafinmu?"

Littafin ya fito bayan Kirsimeti. Har yau laftof ɗin nan bai ƙara ganin intanet ba, kuma ban san ko masu direban sun gyara kuskurensu ba.